Daga Ina Za a Soma Labarin Arlit?

Kowane tsohon gari a yankin nan yana da labarin da yake buɗe baki da shi. Daura tana da rijiyar Kusugu da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Kano tana da Dala da Barbushe. Agadas ma, in ka zauna da dattawa, za su kai ka har Istambul, su ce daga can aka roƙo ɗan sarkin da ya zo ya raba gardamar ƙabilun Abzin. Ko masanin tarihi ya yarda ko bai yarda ba, waɗannan labarai sun cika sharuɗɗan labari: ga matsala, ga baƙo, ga abin da ya aikata, ga abin da ya biyo baya. Arlit ba ta da irin wannan. Takarda ce asalinta. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, aka soma gina gari a 1969 a wani fili mai tazarar kilomita kusan 240 arewa da Agadas, aka fara fitar da yuraniyom a 1971. Garin Akokan ya biyo baya saboda kamfanin Cominak, wanda aka kafa a 1974, ya soma aiki a 1978. Babu maharbi, babu maciji, babu waliyyin da ya kafa sanda ruwa ya ɓulɓulo.

Mu da muka tashi a can cikin shekarun 1980, in aka ce da yaro "ɗan ina ne kai?" ba ya cewa Arlit. Sai ya ambaci garin ubansa, Tawa ko Tasawa ko Dogon Dutsi ko Ingal, ko da bai taɓa kwana a can ba. Kowa baƙo ne, kowa ya zo da niyyar komawa. Abin da iyaye mata suka ɗauko daga gida, ban da turmi da tukwane, shi ne tatsuniya. A unguwannin bukkoki da ke bayan gidajen kamfani, inda babu lantarki, yara sukan taru bayan isha'i a tsakar gidan duk tsohuwar da ta iya baki. A wurin waɗannan mata na fara sanin yadda ake gina labari, tun ban san abin yana da suna ba.

Abu na farko, mai tatsuniya ba ta da ikon farawa sai an ba ta izini. Za ta ce ga ta nan ga ta nanku, ta yi shiru. Sai mun amsa. Da yake gidaje daban-daban muka fito, amsar ma takan bambanta, wasu su ce ta zo mu ji ta, wasu su ce ta je ta dawo, har gardama ta kaure a kan wace ce daidai. Tsohuwar takan ce, "'Ya'yan nan, duk wadda kuka ce na ji, ku dai ku amsa." A lokacin mun ɗauka al'ada ce kawai. Yarjejeniya ce: ni zan yi ƙarya, ku kuma za ku bi ni, kuma kowa ya san inda ƙaryar ta fara. Daga nan har ƙarshe aikin na mutum biyu ne, kamar lugude a turmi ɗaya, tana sauke taɓaryarta muna ɗaga tamu. In ta kai wurin waƙa mu ne 'yan amshi. In ta ga wani ya fara gyangyaɗi sai ta gajarta hanya ta kawo Dodo da wuri.

Ɗauki tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa. An tura 'yar bora wanki a wani ruwa mai nisa, tana tafe tana gamuwa da abubuwan al'ajabi, tana gaishe su da ladabi, tana yin abin da suka ce, ta komo da arziki. Sai mowa ta tura tata 'yar. Hanya ɗaya, abubuwan da aka gamu da su ɗaya, tambayoyin ɗaya. Mai gaggawa zai ce a taƙaita tafiya ta biyu tunda an riga an ji. Gwanar tatsuniya ba ta taƙaitawa, domin a nan daɗin yake. A tafiyar farko muna tsoro ne saboda ba mu san abin da ke gaba ba. A ta biyu mun fi yarinyar sani, muna ganin ramin da za ta faɗa tun tana nesa, muna ta ihu kada ta yi rashin kunya, ita kuwa sai ta yi. Wannan dabara, a ba mai sauraro ilmin da tauraron labari ba shi da shi, ita ce har yau masu fim suke cin abinci da ita. Haka kuma ba a taɓa ce mana Gizo maƙaryaci ne ba. Tsamin bakinsa kawai za ta kwaikwaya, ta sa shi ya durƙusa gaban sarki yana rantsuwa, mu da kanmu mu yanke masa hukunci. Abokanmu Buzaye suna da nasu, labaran Aniguran da ɗan 'yar'uwarsa da suke ta gwada wa juna wayo, inda mai nasara shi ne wanda ya iya karanta sawu da alama a ƙasa. Mukan yi musaya a hanyar lakwal, su ba mu Aniguran mu ba su Gizo, da Hausar da ta zama harshen kasuwa da titi a garin.

A lakwal kuwa da Faransanci ake komai. Mun haddace hankaka da dila na La Fontaine, mushe, wato malami, ya tambayi darasin da ke ciki, mu rubuta. Sai daga baya, ta littattafan da ke shigowa daga Kano da Zariya, na tarar ashe malamai irin su Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero da 'yan'uwansa sun raɗa wa waɗannan abubuwa sunaye da Hausa. Jigo shi ne saƙon da labari ya ɗauko. Zubi da tsari shi ne yadda aka jera aukuwar abubuwa, aka ƙulla aka warware. Salo shi ne hanyar da mai labari ya bi da harshensa, a cikinsa ake samun kamance da siffantawa da mutuntarwa da kambamar zulaƙe. Na ji daɗin samun sunayen ƙwarai, domin abin da yake da suna ana iya ɗaga shi a duba. Abin da ke damuna shi ne yadda a yau ake ba ɗalibi jerin sunayen ya haddace alhali kunnensa bai taɓa jin an ja masa rai da labari ba. Zai kawo maka ma'anar mutuntarwa daidai, amma ba zai gane ta ba in wata tsohuwa a Akokan ta ce iskar bana ta zo da fushi.

Ban da tatsuniyar da aka zo da ita, garin ya fara haifar nasa labarin, kuma ma'aikata ne suka fara ba da shi. Ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, farashin yuraniyom ya hau, kuɗinsa ne suka riƙe ƙasa. An shimfiɗa kwalta daga Tawa ta Agadas har Arlit, hanyar da aka sani da hanyar yuraniyom. Daga 1981 gawayin Sonichar da ke kusa da Cirozerin ya soma ba da wuta. A gidajen kamfani akwai famfo da lantarki, da kantuna cike da kayan Turai, da asibitin ma'aikata, da wurin ninkaya a tsakiyar hamada. Ma'aikaci in ya je hutu garinsu da rediyo da agogo da atamfofi, za a kewaye shi a ƙofar gida, ya soma. Zubin labarinsa tsoho ne, irin na Ruwan Bagaja da Abubakar Imam ya rubuta don gasar 1933: talaka ya bar gida, ya ratsa duniya, ya ga abin mamaki, ya komo da dukiya, yanzu ga shi zaune yana ba da labari da bakinsa. A cikin irin wannan hira aka yi wa garin laƙabin Paris ta biyu.

Kamance ne, kuma da kambamawa a cikinsa, ba na kuma zargin waɗanda suka yi shi. Mutumin da ya taso yana jan guga a rijiya mai gaba ashirin, ya zo ya murɗa ƙarfe ruwa ya zubo, da me zai kwatanta wa 'yan'uwansa? Sai dai kowane kamance yana haska gefe ɗaya ne ya bar sauran a duhu. Da aka ce Paris, sai ido ya tafi kan fitilu. Bai tafi kan bukkoki ba, inda mafi yawan jama'a suke, masu ɗinki da masu tuyar ƙosai da 'yan ga-ruwa da leburorin 'yan kwangila. Bai tafi kan ramin Akuta na Cominak ba, mai zurfin mita kusan 250 a ƙarƙashin ƙasa. Bai tafi kan makiyayan da suke kiwo a wannan fili tun kafin a zo da injin farko ba. Kuma mai labarin da ya komo gida da nasara ba ya son ɓata zubinsa da zancen ƙura. Labarin tafiya da komowa ba shi da gurbin da za a sa mutumin da ya komo yana tari.

Farashi ya faɗi tun farkon shekarun 1980, aka yi ta rage ma'aikata, sannan aka karya darajar sefa a Janairun 1994, ga tawayen arewa da bai lafa ba sai da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. A wannan tsakanin dandalin tsofaffi ya watse. Tele ta fara janye yara, musamman daren da ake nuna wasan su Yazi Dogo. Bidiyo ya biyo baya da finafinan Indiya, sannan na Kano, ga littattafan soyayya da ke hawowa ta Maraɗi suna yawo hannu zuwa hannu har bangonsu ya cire. Kaset ɗin masu jita na Buzaye kuma a ɓoye ake sauraronsa, nan matasa suka koyi yadda ake faɗin abu a nufi wani, a ambaci ƙishirwa ko barewa kowa ya san ba ruwa ko nama ake magana ba. Yanzu waya ce. Ba na cikin masu cewa labari ya mutu. Matan da ke sauraron littafi ana karanta musu a waya suna girki sun san jan rai sarai, sun san marubuciyar da ta iya tsayawa daidai inda zuciya za ta tsinke. Abu ɗaya ne na tabbata ya tafi, shi ne amsa. Mai labarin yau ba ta jiran izinin kowa, kuma ba ta ganin fuskar wanda ya fara gyangyaɗi.

Canjin da ya fi girma a wurina ba na na'ura ba ne, na mai ba da labarin ne. A farkon shekarun 2000 wani ma'aikacin ma'adinai, Almoustapha Alhacen, da abokansa suka kafa ƙungiyar Aghir In'man, suka fara tambayar abin da ke kashe abokan aikinsu. Suka gayyato masu bincike na CRIIRAD daga Faransa a 2003, Greenpeace ma ta zo a 2009. Rahotanninsu sun ce an sami tururin ma'adinin fiye da ƙima a wasu rijiyoyi, da wasu titunan Akokan, da ƙarafan da suka fito daga ma'aikata ake sayarwa a kasuwa. Kamfanin da ke haƙar ma'adinin ya musanta da yawa daga cikin zarge-zargen. Wajen 2005 Idrissou Mora-Kpai, ɗan ƙasar Benin, ya fito da fim mai suna Arlit, deuxième Paris. Ya ɗauki tsohon laƙabin nan ya ɗora shi a kan hotunan garin da ya tsiyace, bai ƙara sharhi mai yawa ba, ya bar sunan da hoton suna ƙaryata juna. A 2016 kuma Amina Weira, wadda mahaifinta ya yi aiki a ma'adinan, ta yi La Colère dans le vent. Abin da ya kama ni a aikinta shi ne inda ta tsaya. Ba baƙuwa ba ce da ta sauka da abin awo, 'ya ce tana bin ubanta suna zaga gari, tana tambaya ana ba ta amsa irin wadda ake ba 'yar gida. Iskar ma ta mayar da ita mai rai, tana shiga ko'ina da abin da ta kwaso. Gari ɗaya, shekaru ɗaya, amma da aka sauya bakin da ke magana sai jigon ya sauya gaba ɗaya.

Akwai mako guda da ba na mantawa in ana zancen wane ne tauraro. A daren 16 ga Satumba 2010 aka sace mutum bakwai a Arlit, Faransawa biyar da ɗan Togo da ɗan Madagaska. Huɗun ƙarshe ba su kuɓuta ba sai 29 ga Oktoba 2013, bayan fiye da shekara uku a hannun 'yan bindiga, kuma shugaban Faransa da kansa ya tarbe su a filin jirgi. A cikin makon da suka kuɓuta aka tsinto gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito. Gwamnati ta ayyana makokin kwana uku. Waɗanda aka sace sun sha wahala ta gaske, ba na rage musu komai. Amma duniya ta san sunan kowanne cikin huɗun nan, da fuskarsa, da iyalinsa, da yadda ya rame. Casa'in da biyun kuwa adadi ne. Duk wanda ya zauna gaban mai tatsuniya ya san ba a kuka don adadi. Sai an ba yarinya suna, an ce ga abin da uwarta ta ɗaura mata a bakin zane, an ce ga abin da ta faɗa da ta ga ruwan jarka ya kusa ƙarewa, sannan mai sauraro yake shiga cikin motar. Wannan ba adon adabi ba ne kawai. Wanda aka mayar tauraro shi ake nema, wanda aka bari a matsayin fage shi ake mantawa. A labaran biyu duka, Arlit ba ta wuce sunan wurin da abin ya faro ba.

Haka zancen mafari. In ka soma labarin garin daga 1968, tauraronka kamfani ne, jigonka kuma yadda aka raya fili marar kowa. In ka soma daga 1957, lokacin da masu binciken Faransa suka ci karo da yuraniyom a Azelik suna neman tagulla, ka shigo da mulkin mallaka, domin a lokacin saura shekara uku a sami 'yanci. In ka ja baya zuwa 1353, lokacin da Ibn Battuta ya sauka Takadda ya rubuta labarin tagullarta, garin da masana da yawa suke ganin shi ne Azelik, sai ya zama labarin ƙasar da ta daɗe tana fitar da abin cikinta zuwa nesa. In kuwa ka tsaya a Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, gaban raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutse shekaru dubbai da suka wuce, to kalmar fili marar kowa ta faɗi tun a shafin farko. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake ƙarya. Zaɓi ne, kuma mai labarin kirki ya kamata ya san ya zaɓa.

Ƙarshe ya fi wuya. Mai tatsuniya tana da ƙurunƙus, ta faɗa kowa ya tashi, an fita daga ƙarya an komo duniya. A 31 ga Maris 2021 aka rufe Cominak bayan ya fitar da tan kusan 75,000 na yuraniyom, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki ban da na 'yan kwangila. A takarda wannan rufewa ce. Amma tarin dusar ma'adinin da aka bari kusa da Akokan ya kai tan miliyan 20, kuma zai daɗe fiye da duk wanda zai karanta wannan rubutu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 labarin ya sake juyawa: an karɓe lasisin haƙar ma'adinin Imuraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa a Yunin 2024, aka mayar da Somaïr mallakar ƙasa a Yunin 2025. Ina cikin masu ganin arzikin ƙasa ya kamata ya amfani 'yan ƙasa. Tsorona shi ne zubin da ake ba labarin yanzu, na taurari biyu rak, Nijar da Faransa, ɗaya mai gaskiya ɗaya azzalumi. Yana da daɗin faɗa a taro, amma ya sake barin mutanen da Paris ta biyu ta bari. Ina matar da mijinta ya rasu aka ce ta bar gidan kamfani? Ina maƙerin da ya yi shekaru yana ƙera tukwane da ƙarfen da bai san asalinsa ba? Ina ma'aikacin da har gobe yake alfahari da aikinsa, domin da shi ya ilmantar da 'ya'ya takwas, kuma yana da gaskiya? Ko tatsuniyar yara ba ta yarda da rabon gida biyu haka ba. Gizo macuci ne, kuma shi muke so ya tsira.

Yanzu akwai samari da 'yan mata da in ka tambaye su garinsu za su ce Arlit ba tare da jinkiri ba, a can aka haife su, a can aka binne kakanninsu. Su nake so su rubuta, da Hausa ko Tamajak ko duk harshen da suke mafarki da shi. Kayan aikin suna hannunsu, ko wayar da ake zargi da kashe hira tana ɗaukar murya. In sun zauna da tsohon ma'aikaci, kada su fara da tambayarsa ra'ayinsa a kan Faransa, zai ba su abin da ya ji a rediyo. Su ce, "Baba, ranar da ka fara sauka ramin, wa ke kusa da kai? Me ka saya da albashin farko? Wa ka fara rakawa maƙabarta?" Su bar shi ya yi kwana, ya maimaita, ya koma baya, domin a nan zubin nasa labarin yake, kuma ba lallai ya yi kama da na littafi ba. Waɗanda suka shiga ramin Akuta a 1978 suna 'yan ashirin da wani abu yanzu suna bakin saba'in, kuma da yawansu sun bar garin. Sai an bi su Tawa da Damagaram da Doso da ƙauyukan Abzin.